Nana Asma'u Ƴar Shehu: Malamar Da Ta Karantar Da Jama'a Cikin Harsuna Uku

A wannan fili za mu kawo muku tarihin wata malama wadda ta rasu yau fiye da shekara 160, amma har gobe ana rera waƙoƙinta a ƙasar Hausa. Ita ce Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Mutane da yawa sun san ta da zuri'arta da tsoron Allah da ta yi. Abin da za mu fi dubawa a nan shi ne yadda ta yi aiki da harsuna, domin ta zauna cikin jama'ar da ba harshe ɗaya take magana da shi ba, ta kuma gane tun da wuri cewa ilimi ba ya shiga zuciyar mutum sai ta harshen da yake ji.

Asalinta da ƙuruciyarta

An haifi mahaifinta, Shehu Usmanu, a shekarar 1754 a Maratta, kusa da Galmi, cikin jihar Tawa ta yanzu. A wancan zamani wurin yana ƙarƙashin mulkin Gobir. Danginsa Fulani ne Torankawa, masu karatu da karantarwa, waɗanda suka daɗe zaune a wajajen Ƙwanni kafin su gusa. Shehu ya yi karatu wurin malamai da dama, har ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru zuwa Agadas. Daga baya ya zauna a Dagel, inda almajirai suka yi ta taruwa gare shi daga kowace kusurwa.

A Dagel aka haifi Asma'u a shekarar 1793. Tagwaye ne, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da sai a kira ta Hassana ko Husaina, amma mahaifinta ya raɗa mata sunan Asma'u, ɗiyar Sayyadina Abubakar. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama ƙwarai, sauran matan Shehu suka rene ta.

Gidan da ta tashi gida ne na littattafai, kuma mata ba a bar su baya ba. Yayarta Hadiza malama ce da aka san ta da mai da littafin fiƙihu na Muhtasar zuwa Fulatanci. Shi kansa Shehu, cikin littafinsa Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke karantar da almajiran waje suna barin matansu da ɗiyansu cikin duhun jahilci. Tun kafin a haifi Asma'u, lokacin da Shehu yake yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soki yadda mata suke halartar wa'azinsa. Ƙanen Shehu, Abdullahi, ya mai da amsa da waƙar Larabci, yana nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi fitowarsu neman sani muni. Cikin wannan ra'ayi aka yi wa Asma'u tarbiyya. Ta hardace Alƙur'ani, ta karanta fiƙihu da hadisi da tauhidi da nahawu da tasawwufi.

Ƙasa ɗaya, harsuna huɗu

Don a gane aikinta, sai a san yadda harsuna suke a ƙasar Gobir da kewayenta a wancan lokaci. Larabci shi ne harshen littafi, da shari'a, da wasiƙu tsakanin malamai da sarakuna, amma ƙalilan ne suka iya shi sosai. Fulatanci shi ne harshen gidan Shehu, da danginsa, da makiyaya na daji. Hausa ita ce harshen mafi yawan jama'a, manoma da maƙera da masaƙa da fatake, ita ce kuma harshen kasuwa da fada. Daga arewa ga Abzinawa na Adar da Azbin, masu saukowa da raƙuma da gishiri, suna magana da Tamajak. Asma'u ta iya duka huɗun nan. Rubuce-rubucenta da suka iso gare mu da uku daga cikinsu aka yi su, watau Larabci da Fulatanci da Hausa.

Shehu ya riga ya shimfiɗa wannan hanya. Idan zai rubuta littafi don malamai sai ya yi da Larabci, idan kuwa ya fita wa'azi sai ya yi wa mutane magana da harshen da suke ji, ya kuma tsara waƙoƙi da Fulatanci domin abin ya zauna a ƙwaƙwalwar wanda bai iya karatu ba. Asma'u ta gaji wannan dabara, ta kuma faɗaɗa ta fiye da yadda ta same ta.

Hijira da yaƙi

Tana da shekara kamar 11 sa'ad da rashin jituwa tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa ya kai ga hijira daga Dagel zuwa Gudu, cikin watan Fabrairu na 1804. Daga nan yaƙi ya tashi. An yi gumurzu a Tabkin Kwatto cikin wannan shekara, aka yi na Tsuntsuwa inda mahardata Alƙur'ani masu yawa suka rasu, aka yi na Alwasa a 1805. Jama'a ta sha yunwa da ciwo da tafiyar ƙasa, ana ɗauke da littattafai daga zango zuwa zango. Birnin Alƙalawa ya faɗi a 1808. Duk wannan ya faru a gaban idon yarinyar, kuma bayan shekaru da yawa ta tsara labarinsa cikin waƙa.

Ana cikin waɗannan shekaru aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello. Bayan rasuwar Shehu a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo kuma ya zama wazirinsa. Ta haka Asma'u ta kasance ɗiyar wanda ya kafa daula, ƙanwar mai mulkinta, matar wazirinta, daga baya kuma uwar waziri, domin ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa. Matsayin da ta samu ya isa ta zauna cikin jin daɗi, amma sai ta ɗauki alƙalami. Littafinta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilina, da Larabci ta rubuta shi wajajen 1820.

Matsalar da yaƙi ya bari

Da ƙura ta lafa, sai shugabannin Sakkwato suka tarar da wata matsala wadda takobi ba ya warware ta. Mutanen da suka yi karatu a Dagel kaɗan ne, da yawansu ma sun rasu a fagen fama. Jama'ar da ta cika garuruwa da ƙauyuka kuwa Hausa take ji. Cikinta akwai mata masu ɗimbin yawa waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, wasu gwauraye, wasu kuma an kamo su daga Gobir da Zamfara da Kabi aka shigar da su gidajen da ba su san harshen masu su ba. Ba su jin Larabci, ba su jin Fulatanci, kuma idan ciwo ko baƙin ciki ya same su, abin da suka sani tun gida shi ne bori. Waɗannan mata su ne masu renon ƴaƴan da za su tashi gobe.

Yaƙin bai ƙare gaba ɗaya ba. Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafa mulkinsu a Maraɗi, Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri. Masu karatu na waɗannan wurare suna da nasu tarihin wannan zamani, wanda kakanninsu suka bar musu, kuma waƙoƙin Asma'u game da yaƙe-yaƙen nan daga ɓangaren gidansu ta tsara su. Abin lura shi ne, ɓangarorin biyu harshe ɗaya talakawansu suke magana da shi. Duk mai son ya isa ga zukatan jama'a, ko yana Sakkwato ko yana Maraɗi, dole ya bi ta Hausa.

Kowane harshe da aikinsa

Idan aka jera rubuce-rubucen Asma'u, waɗanda suka kai kamar 60, sai a ga tana zaɓen harshe gwargwadon wanda take nufi da magana. Larabci ta ajiye shi don malamai. Da shi ta yi wasiƙu da marsiyyoyi na manyan mutane, da shi ta tsara waƙar maraba ga wani malami da ya zo daga ƙasar Shingiɗi, watau Muritaniya, da shi kuma ta rubuta Tabshirul Ihwani a 1839, littafin da ya tattara ayoyi da addu'o'in neman waraka. Wannan ya sa sunanta ya kai ga malaman da ke nesa da ƙasar Hausa.

Fulatanci shi ne harshen da ta sha a nono, kuma da shi ta fi yin waƙoƙin da suka shafi dangi da tarihin jama'ar Shehu, da juyayin waɗanda ta rasa. Hausa kuwa ta mai da ita harshen karantarwa. Da ita ta yi waƙoƙin da ke koyar da tauhidi, da alwala da salla da azumi, da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da gargaɗi game da ranar hisabi. Begore da Godaben Gaskiya suna cikin waɗannan.

Sau da yawa abu ɗaya takan fitar da shi cikin harshe biyu ko uku. Akwai wata gajeruwar waƙa tata da ta jera sunayen surori 114 na Alƙur'ani cikin baiti 30, don mai koyo ya riƙe su a ka. Ta fara yin ta da Fulatanci, daga baya ta mai da ita Hausa. A 1831 ta fassara waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa. Waƙa ce da ke gargaɗin masu mulki da alƙalai da ƴan kasuwa game da zalunci da cin haƙƙin talaka. Muddin tana cikin Fulatanci, ƴan gida ne kaɗai suke jin ta. Da ta koma Hausa, sai talaka ya ji da kunnensa abin da Shehu ya ce a kan wanda ya zalunce shi. A nan ake ganin cewa fassara ba ƙaramin al'amari ba ce, domin takan sa wa mai rauni hujja a hannu.

Wani misalin shi ne littafin da Bello ya rubuta da Larabci, Kitabun Nasiha, wanda ya kawo labarin mata salihai tun daga matan Annabi da ɗiyansa har zuwa irin su Rabi'atul Adawiyya. Bello ya nemi ƙanwarsa ta mai da shi waƙa. Ta yi shi da Fulatanci da Hausa wajajen 1837, na Hausar shi ne Tawassuli Ga Mata Masu Albarka. Ba ta bi shi kalma da kalma ba. Ta taƙaita inda ya yi tsawo, ta sauƙaƙa inda ya yi zurfi, ta kuma ambaci mata malamai na jama'ar Shehu tare da na ƙasashen Larabawa, domin mace ta ƙauye ta san cewa a ƙasarta ma an yi irinsu.

Aikin fassarar nan na gida ne gaba ɗaya. Yadda ta fassara waƙoƙin mahaifinta, haka ƙanenta Isa, autan Shehu, ya mai da wasu waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa. Cikinsu har da wadda ta ba da labarin hijira da yaƙe-yaƙe, wadda aka sani yau da suna Waƙar Gewaye.

Ajami da waƙa

Da haruffan Larabci ake rubuta Hausa da Fulatanci a wancan zamani, abin da ake kira ajami. Tun da akwai sautuka a harsunan nan da babu su a Larabci, sai malamai suka yi dabarar ƙara ɗigo ga wasu haruffa, ko su ba wani harafi sabon aiki. Duk wanda ya yi karatun allo yana iya kama ajami cikin ɗan lokaci, domin ya riga ya san baƙaƙen.

Amma takarda tana da tsada, sai an ɗauko ta a bayan raƙumi ta hamada, kuma kowane littafi da hannu ake kwafe shi. Shi ya sa Asma'u ta dogara ga waƙa. Ta auna baitocinta bisa ma'aunin waƙar Larabci, da amsa-amo a ƙarshen kowane baiti, ta yadda idan kalma ta faɗi mai rerawa zai ji ma'aunin ya karye, ya gyara. Waƙar da aka hardace ba ta bukatar fitila, ba ta jiƙewa da ruwan sama, gara ba ta cin ta. Mace tana iya rera ta tana daka, ko tana kaɗi, ko tana lallashin jinjiri, ɗiyarta kuma tana ji tana ɗauka. A ƙarshen waƙoƙinta da yawa takan sa ramzi, watau haruffan da idan an lissafa su suke ba da shekarar hijira da aka yi waƙar. Wannan ne ya taimaki masu bincike suka jera ayyukanta bisa shekaru.

Ƴan Taru da jajojinsu

Rubuta waƙa abu ɗaya ne, kai ta ƙauye kuma wani abu ne dabam. Matan aure na karkara ba su da halin barin gida su zo Sakkwato ko Wurno neman karatu. Saboda haka, tun daga shekarun 1830, Asma'u ta tsara wata hanya. Ta zaɓi dattijan mata masu hankali da riƙon amana daga garuruwa dabam-dabam, ta naɗa kowace ta zama jaji. Kalmar jaji daga ayarin fatake aka aro ta, inda take nufin mai ja-gaba. Alamar naɗin ita ce malfa da jan rawani. Masu binciken tarihi sun lura cewa malfa tana cikin kayan da aka san Innar Gobir da su, ita da take shugabar mata da ƴan bori a masarautar, sarautar da Gobirawan Tsibiri suka ci gaba da riƙewa. Asma'u ta ɗauki alamar da matan ƙasar suka riga suka sani suna girmamawa, ta ɗora ta a kan malama. Yadda ta yi magana da su cikin harshensu, haka ta yi musu magana cikin al'adarsu.

Jaji takan taho da ayarin tsofaffin mata da ƴan mata waɗanda ba su kai aure ba, su yi tafiyar ƙasa zuwa gidan Asma'u. Sukan zo da sadakar da matan aure suka aiko, kamar hatsi da zuma da man shanu da zare, ita kuwa ta raba wa mabukata. Su zauna kwanaki suna koyon waƙoƙi da ma'anarsu, suna kawo tambayoyin da aka aiko su da su game da ibada da zaman aure da gado, sa'an nan su koma gida su karantar da waɗanda suka bari. Waɗannan mata su ake kira Ƴan Taru. Ban da karatu, sukan taimaki marasa lafiya da masu haihuwa, su yi wa mamata mata wanka, su sasanta masu husuma.

Asma'u ba ta ɗauki waɗannan mata a matsayin ƴan aike kawai ba. Da wata jaji mai suna Hawwa'u ta rasu, ta yi mata marsiyya, kamar yadda ta yi wa Bello da Giɗaɗo. Ta kuma yi wa wata maƙwabciyarta Halima marsiyya da Hausa, tana yabon kirkinta da yadda take kyautata wa dangi da maƙwabta. A zamanin da ake yi wa sarakuna da mayaƙa waƙa, ita ta sa sunayen talakawan mata cikin rubutu.

Ƙarshen rayuwarta da abin da ta bari

Bello ya rasu a Wurno a 1837. Bayansa Asma'u da Giɗaɗo suka duƙufa wajen tattara labarin Shehu da jama'arsa, shi yana rubutawa da Larabci, ita tana tsarawa da waƙa, don kada abin ya ɓace tare da waɗanda suka gani da idonsu. Ta ga zamanin sarakunan Musulmi huɗu bayan mahaifinta, watau Bello da Atiku da Aliyu Babba da Ahmadu ɗan Atiku, kuma ba ta ajiye alƙalami ba har tsufanta. Ta rasu a 1864, tana da shekara 70 da ɗoriya, aka binne ta a Hubbaren Shehu a Sakkwato, kusa da mahaifinta.

Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da jagorancin Ƴan Taru, aikin kuma ya wuce zuwan Turawa bai mutu ba. Takardunta sun tsira a gidan wazirin Sakkwato, a hannun zuri'arta, musamman Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997. Da taimakonsa wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, ta fitar da littafin tarihin Asma'u a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga tarin ayyukanta tare da fassarar Ingilishi a 1997. Makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata da yawa a arewacin Nijeriya suna ɗauke da sunanta.

Mu mutanen Nijar, da muke zaune Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Abzinawa da Barebari da Tubawa da sauransu cikin ƙasa ɗaya, wannan tarihi ba baƙo ba ne gare mu. Asma'u ba ta raina Larabci ba, domin da shi ta ɗebo ilimin, ba ta kuma yar da Fulatancin gidansu ba. Amma da ta tashi karantar da jama'a, sai ta tambayi kanta wane harshe mai sauraro yake ji, ta sauko gare shi. Ma'aikacin da ya yi karatu da Faransanci, yake kuma tsaye gaban manoma zai yi musu bayanin iri ko allurar rigakafi ko haraji, tambayar nan ce a gabansa. Wanda kuma ya koyi karatu da rubutu a ajin yaƙi da jahilci bayan ya girma, ya tuna cewa yawancin jajojin Asma'u dattijai ne, da furfurarsu suka yi tafiyar ƙasa neman sani, suka kuma koma suka raba shi ga maƙwabta.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya kai haske kabarinta, ya ba mu ikon amfani da abin da muka koya. Amin.